Bawa Ba Sunana Ba Ne

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana, bayan na shafe shekaru ina kauce mata, shi ne labarin da ya iso mini daga Gagarawa. An je nema wa ɗaya daga cikinku aure, aka karɓi mutanenmu da fara'a, aka ba su ruwa, sai da suka juya baya wata tsohuwa ta ce a dai bincika asali, don ta ji ana ce wa kakan yaron Bawa. Ban yi mamaki ba. Ni dama ban taɓa yarda da fara'ar da ta yi yawa ba. Kun san halina, ko gaisuwa aka tsawaita mini sai na tambayi kaina me ake nema, kuna ta yi mini dariya a kai. To, yau za ku ji inda na samo halin, ku kuma ji abin da ya jawo mini.

Ku fara riƙe wannan, ku 'ya'yana da jikokina: suna daban, laƙabi daban. Suna shi ne wanda aka raɗa wa jariri a kunne, aka yanka masa rago ran bakwai, jini ya zuba a ƙasa, mutane suka shaida. Da shi ake ɗaura wa mutum aure, da shi kuma malamai suka ce za a kira shi ranar tsayuwa. Laƙabi kuwa kowa yana iya rataya maka, ko kaka, ko maƙwabciya, ko abokin wasa, kuma ba ya faɗin ko kai ɗan wane ne, sai dai ya faɗi abin da ke zuciyar wanda ya laƙaba maka shi. Nawa tsoro ne ya haife shi. Amma har na kai shekara goma sha tara ban san sunana na yanka ba. Na taɓa tambayar Baba ina yaro, muna hanyar gona, ya ce ranar ɗaurin aurena zan ji, ya ci gaba da tafiya.

Ga abin da kowa ya sani a Ɗanzomo. Innata, wadda ake kira Kulu, ta haifi 'ya'ya huɗu a gidanmu, babu wanda ya kai yaye. Mata suka ce wabi take yi. Sai Baba, Malam Sale, ya ɗauke ta ya kai ta Maigatari wajen danginta, suka yi damina uku a can, tun kafin Turawa su shigo ƙasar nan. Da suka dawo, sun dawo da ni ina tafiya da ƙafata, kunnena na hagu a huje, da wata laya ta jar fata ɗaure a damtsena, ana ce mini Bawa. Igiyar layar an sha sauya ta ina girma, amma fatar ba a taɓa farke ta ba. Inna kuwa ban taɓa jin ta ce mini ɗana ba. In baƙuwa ta yaba girmana, sai ta taɓe baki ta ce, wannan ai na mutane ne, riƙo aka ba ni. Ran salla yaran unguwa su sha sabbin riguna, ni a sa mini tsohuwar taguwa. Tuwo kuwa sai na ture, amma ba ta kallona in za ta miƙo. Na tashi a haka, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Baba ya rasu shekara biyu bayan babbar yunwa, ana gama ɗaure dammunan gero. Ya bar gona guda mai kyau a hanyar Gumel, mai gawo shida a cikinta, wadda ko a shekarar yunwar ba ta bar mu hannu wofi ba. Ana gama sadakar arba'in ƙanensa, Baffa Ilu, ya fara yawan zuwa gidanmu. Mutum ne mai taushin murya, ba ka taɓa jin ya ɗaga ta. Abin da na fara lura da shi ƙarami ne: da can in ya shigo, Uwar Bawa yake ce wa Inna, sai ya koma cewa matar marigayi. Daga nan aka ce mini an gan shi yana zagaya iyakar gonar yana taka ta da ƙafa. Wata rana da hantsi ya same ni a bakin rijiya ina shayar da awaki, ya karɓi guga ya taya ni ja, abin da bai taɓa yi ba.

"Bawa, ka ga dai zamani ya sauya," in ji shi. "Yanzu Turawa sun hana, ba mai riƙe kowa. In kana son tafiya Kano neman na kanka, ni ba zan tare ka ba. Har jaki sai in ba ka."

"Baffa, in tafi in bar wa wa gonar?"

"Gona ai ta magada ce."

"To ni fa?"

Ya zuba ruwan a kwami, ya tsaya yana kallon awaki suna sha.

"Ni ban ce komai ba. Amma mace ta binne huɗu, ta tafi garin da ake cinikin mutane a lokacin, ta dawo da yaro mai hujin kunne ana ce masa Bawa. Yayana mutum ne mai tausayi. Ya ga tana neman zaucewa, ya samo mata abin da za ta riƙe. Allah ya ba shi lada. Sai dai lada daban, gado daban. In ina da ɗan ɗan'uwa, a faɗa mini sunansa mana. Ni dai ban ci naman sunan ba."

Da na yi fushi a ranar, da ya fi mini. Amma maganar shiga ta yi ta zauna. In ni ɗa ne, gonar tawa ce da Inna, Baffa ba shi da ko kara. In ba ɗa ba ne, ita a ba ta ɗan rabonta, shi ya kwashe sauran, ni kuma in zama wanda ba shi da uba a garin da na tashi. Na koma gida ina kallon Inna kamar ban taɓa ganin ta ba. Ita fara ce, ni baƙi. Yatsun ƙafarta dogaye, nawa gajeru. Na riƙa leƙa fuskata a ruwan ƙwarya ina neman hancin Baba, wata rana in gan shi, wata rana in rasa. Duk maganar da ta taɓa yi a kaina ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya, na mutane ne, riƙo aka ba ni. In na wuce mata biyu suna hira suka yi shiru, sai in ce da ni suke. In mutum ya gaishe ni da sakin fuska, in ce tausayina yake ji. Har limamin garinmu, tsoho mai kirki, da ya ce in riƙa haƙuri, sai da na yi kwana biyu ina juya abin da yake nufi.

Ran nan na sami Inna tana surfe a tsakar gida, na tsaya a kanta.

"Inna, mene ne sunana?"

"Da me ake kiran ka?"

"Na yanka nake nufi."

Ta tsayar da taɓarya. Ta dubi ƙofar gida, ta dubi bayan rumbu, ta dubi saman danga, sai ka ce akwai wanda ya laɓe.

"Wa ya aiko ka? Kada ka ƙara yi mini wannan tambaya a fili. Ɗauki akushinka ka ba ni wuri."

Tsoro na gani a idonta, wannan ba shakka. Amma ni na fassara shi da tsoron wadda asirinta zai tonu. Washegari ban sallami kowa ba na kama hanyar Maigatari a ƙafa, na isa da la'asar ƙafafuna sun yi fari da rairayi. Na yi ta tambaya. Limamin da ya yi huɗubar yaran unguwarsu Inna a wancan lokaci ya mutu a yunwa. Wanzamin ya ƙetara Damagaram, ba a san garin da yake ba. Daga ƙarshe aka kai ni wajen wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Gwaggo Yalwa, maƙwabciyar dangin Inna. Tana jin ko ni wane ne ta kama kunnena na hagu ta shafa hujin, ta fashe da dariya har da hawaye.

"Bawana ne! Kai, Allah mai iko, ashe ka rayu! Ni na saye ka, yaro. Ƙoƙon gero guda na biya, a bakin juji, da allurata na huda kunnen nan."

"Daga hannun wa kika saye ni, Gwaggo?"

"Daga hannun Kulu mana, wa kuma? A ɗakin can ta haife ka, ni na yanke cibi. Ba ka san yadda ake yi wa mai wabi ba? Abin da ke ɗauke mata 'ya'ya ya riga ya san ƙofarta, ya san muryarta. To sai a kai jaririn juji a ajiye kamar ba a so, wata ta zo ta saya, a huda kunne, a ce bawan wance ne. In abin ya zo neman ɗan Kulu, sai ya tarar Kulu ba ta da ɗa, ya wuce. Sannan in ba ta riƙo."

"To mene ne sunana?"

"Oho! Ai mai saye ba ta sanin suna, nan maganin yake. Cikin ɗaki aka yi, daga ubanka sai liman sai ita. Naman ragon dai na ci, har da kai da ƙafa."

Kun ji fa, tsohuwar nan ta faɗa mini gaskiya tsaf, ba ta rage komai ba. Mai hankali da ya yi godiya ya koma gida ya durƙusa gaban uwarsa. Ni kuwa ina fita na ce a raina, labarin ya cika daɗi. Wa ya sani ko tun shekarun baya matan nan suka haɗa baki a kan abin da za su faɗa in an tambaya? Gari guda cur, a ce babu mai rai ɗaya da ya san sunana? Kalma ɗaya na riƙe daga duk abin da ta ce, ita ce ni na saye ka, da ita na kwana, da ita na dawo Ɗanzomo.

Kafin mako ya zagayo Baffa Ilu ya kai magana gaban mai gari. Aka taru a zaure da safe, dattawa a kan tabarmi, mata a bayan zana ta cikin gida inda suke jin komai ba a ganin su. Baffa ya maimaita abin da ya faɗa mini a rijiya, da murya mai taushi, har yana cewa shi ba don gona ba, don kada a ci haram ne. Aka tambaye ni, na faɗi abin da Gwaggo Yalwa ta ce. Da na zo kan ƙoƙon gero sai na ga Baffa ya gyara zama. Mai gari ya ce maganar tsohuwa ɗaya ba ta yanke gado, in ba wata shaida sai a tafi Gumel gaban alƙali. A nan ne liman, wanda tun ɗazu idonsa ke kan damtsena, ya yi gyaran murya.

"Layar nan da ita ya zo garin nan, duk mun san ta. Malamin da ya san aikinsa, in zai rubuta wa jariri tsari, yana sa sunan yaron da na uwar da ta haife shi. A farke ta a gani."

"Kada a taɓa ta!" Muryar Inna ce daga bayan zana, ban taɓa jin ta da ƙarfi haka ba. "Ku ba shi gonar! Ilu, ɗauki gonar, na yafe har rabona. Kada a taɓa layar nan!"

"To, kun dai ji da kunnenku," in ji Baffa.

Ni kaina na ce a raina shi ke nan, mai gaskiya ba ta gudun a buɗe takarda. Mai gari ya ce a farke. Na kwance igiyar da hannuna na miƙa wa liman, ya zaro 'yar wuƙarsa ta fiƙe alƙalami. Abin da ya biyo baya shi ne wanda ban taɓa faɗa wa ko uwayenku ba. Kun sha jin cewa an buɗe laya an ga suna, gaskiya ne, amma an tsallake muku tsakiya.

"Malam, dakata," na ce. "Kafin a farke, ta faɗa da bakinta."

"Yaro, ba a bukatar haka. Takarda ta isa."

"In takarda ta faɗa, malami ne ya faɗa. Ni ita nake son ji. In ita ta haife ni, ta kira ni da sunana yau, gaban mutane."

Na sha tambayar kaina me nake nema da wannan. Ba zai ƙara wa shaida komai ba, liman ya faɗa mini, ni ma na sani. Gaskiyar ita ce so nake in ji ko muryarta za ta yi rawa, kuma so nake in rama shekara goma sha tara da ta yi tana cewa na mutane ne. Sai zana ta motsa. Inna, wadda ba ta taɓa taka zauren mai gari ba, ta fito tsakiyar maza da mayafinta, ko takalmi babu. Ba ta dubi mai gari ba, ba ta dubi Baffa ba. Ni ta duba, kuma ina jin ranar ce ta fara kallona ido cikin ido.

"Huɗu na kira da sunansu," in ji ta. "Safe da yamma ina kira, ina yi musu wasa, duk wanda ke wucewa yana ji. Huɗun duka aka zo aka ɗauka. Kai kaɗai na yi wa shiru. Yanzu a kan ƙasar gero kake so in kira ka?"

"Ina so."

Ta gyara mayafinta. Sannan ta ce, "Yakubu."

Mata suka ɗauki salati a bayan zana, don sunan surukinta ne, kakana, uban Baba da Baffa Ilu, sunan da macen kirki ba ta kamawa ko a ɗakinta. Da ma a ce sun bi al'ada sun kira ni Abba, da kowa ya gane tun tuni, shi ya sa ba su yi ba. Liman ya farke ɗinkin, ya warware takardar a hankali don ta tsufa, ya kai ta bakin ƙofa wajen haske. Ya karanta: Yakubu ɗan Hauwa'u, wato Kulu, a ƙasa kuma ga sunan Baba. Ya miƙa wa wani dattijo mai karatu, shi ma ya karanta haka. Sannan ya juya ya tambayi Baffa ko ya taɓa jin wanda ya sayi yaro a kasuwa ya yanka rago ya sa masa sunan ubansa. Baffa ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Aka shafa fatiha, gona ta zama tawa. Dattawa suna ta yi mini barka, ita kuwa ta tsuguna ta tsince fatar layar daga ƙasa. Da ta zo wucewa ta gabana ta yi magana ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji.

"Shekara goma sha tara ina ɓoyon ka. To ga ka nan a fili."

Gari ya ɗauki sabon suna nan da nan, ni ma ina jin daɗinsa, har in yaro ya manta ya ce Bawa sai in harare shi. Amma duk sanda aka ƙwala Yakubu daga ƙofar gida, sai in ga Inna ta zabura. Ita ba ta ƙara kirana da komai ba, ba Bawa, ba Yakubu, sai kai, ko ta buga murfin akushi in gane da ni take. In na yi tari sau ɗaya a gona, kafin in dawo ta jiƙa saiwa. Ban ba ta haƙuri ba. Halin nawa bai sake ni ba, na ɗauka shirun nata horo ne, tana jira in zo in durƙusa ta ji daɗi, na ce ba zan ba ta wannan ba. Na yi aure a shekarar, aka ɗaura da sunana gaban jama'a, gona ta yi albarka, ina ganin komai ya wuce.

Shekara biyu bayan haka aka yi murar nan mai kisa da ta bi gari-gari, wadda a yini ɗaya sai a fita da gawa uku daga unguwa. Ina cikin na farkon da ta kayar. Na yi kwanaki ban san inda kaina yake ba, sai sama-sama. Abin da nake tunawa shi ne Inna ta kori matata daga bakin ƙofar ɗakin, ta shimfiɗa buzu ta zauna a kan dokin ƙofa, ita ke shiga ita ke fita. Wata rana da azahar na ji maƙwabcinmu ya yi sallama yana tambayar yaya jikin Yakubu. Sai na ji ta amsa da ƙarfi, yadda har na bayan danga zai ji.

"Wane Yakubu? Babu Yakubu a gidan nan, kun yi ɓatan kai. Wani bawa ne kwance, na wata tsohuwa a Maigatari, ƙoƙon gero aka saye shi. Ni ba ni da ɗa. Nawa huɗu ne, duk an karɓe."

Haka ta riƙa faɗa wa duk wanda ya zo, wani lokaci ma ba kowa a wurin. Ina kwance ina ji, hawaye na bin kunnena, ba ni da ƙarfin ɗaga kai. Sai a lokacin na gane abin da take faɗa tun ina goye.

Ranar da na iya miƙewa, ita ta kwanta. Kwana huɗu ta yi. A na huɗun na dafa bango na shiga ɗakinta, na durƙusa a gefen gadon kara, na kama hannunta na ce, Inna, ki yafe mini. Ta buɗe ido, ta gane ni sarai. Sai ta zare hannunta, ta juya fuska wajen bango, ta yi wa matata magana da ɗan abin da ya rage mata na murya.

"Fitar da bawan mutane daga nan. Ga mai ɗauke mini 'ya'ya can a bakin ƙofa ya zo ɗaukata, kada ya gan shi kusa da ni."

Aka kama ni aka fitar. Da la'asar ta cika. Muna dawowa daga maƙabarta na tsaya a ƙofar gida gaban masu gaisuwa, na ce daga yau kada wanda ya ƙara kirana Yakubu, a mayar mini da Bawa, wanda uwata ta ba ni.